Ɗigon da ke kan agogon Malam Tanimu

Wata rana, a wani gida a Funtuwa, wata mata ta yi gyaran da babu wanda ya sa ta.

Sunanta Zulai.

Sana'arta manna duwatsun ado a jikin abaya da gyale, irin 'yan ƙananan nan masu sheƙi da matan yanzu suke so. Tun hantsi take zama a tsakar gida, tire a cinya, hantsaki a hannu, gam a gefe, tana ɗaukar dutse ɗaya-ɗaya tana dasawa har bayanta ya ƙage.

Mijinta Sagiru direban tirela ne. Zuwansa gida kamar na baƙo ne, ya kwana ya yi wanka ya sake ɗaukar hanya.

Yara, girki, wanki, kayan mutane, duk a kanta.

Ana cikin haka aka kawo mata surukinta.

Malam Tanimu, mahaifin Sagiru. Matarsa ta rasu, katangar gidansa na ƙauye ta zube da damina, ga ciwon suga da ya ci shi har yatsunsa suka daina jin abin da suka taɓa. Da ƙyar Sagiru ya lallashe shi ya baro ƙauyen. Ranar da ya iso ma, kafin ya zauna sai da ya faɗa wa ɗansa cewa shi ba zai zama kaya a kan kowa ba, duk ranar da ya ga ya zama nauyi zai koma inda ya fito.

Aka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure.

Zulai mace ce mai kunyar suruki, irin ta da. Ba ta kama sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta ɗaga ido ta dubi fuskarsa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ajiye abinci, ta ajiye magani, ta tashi. Tsakaninsu daga "Ina kwana, Baba" sai "Allah Ya yi albarka."

Tsohon yana da agogon hannu ɗaya, na ƙarfe, wanda aka ba shi lokacin da ya bar aikin awo a wani kamfanin auduga. Ba ya rabuwa da shi sai in zai yi alwala.

Kuma yana da wata al'ada.

Kullum da safe, in rana ta faɗo ƙofar ɗakinsa, sai ya zauna a kan buzu, ya kai agogon dab da idonsa, ya yi gyaran murya ya ce mutanen gida, yau kaza ga watan Bature.

Babu mai buƙatar sanarwar. Kowa da wayarsa. Yara har kwaikwayonsa suke yi a bayan ido.

Zulai dai takan amsa daga madafa, ta ce Allah Ya nuna mana ƙarshensa lafiya, ta ci gaba da dama koko.

To, ranar da abin zai faru, sallah ta matso, kayan mutane sun taru mata. Da azahar tsohon ya fito alwala, ya tarar dakalin da ya saba ajiye agogo ya jiƙe da ruwan wanke-wanke, sai ya ɗora shi a gefen teburin aikinta. Aka tayar da salla, ya yi sauri ya fita, ya manta da shi. Kuma in ya je azahar ba ya dawowa sai bayan la'asar, yana can inuwar masallaci da tsofaffi 'yan'uwansa.

Zulai ta fito daga ɗaki ta ga agogo kusa da tirenta.

Ba ta taɓa ganinsa kusa haka ba. Wa ya ba ta idon kallon hannun suruki?

Ta ɗauka ta duba. A kan gilashin, wajen gefe, ga wani ɗan abu fari tas ya taso, mai santsi, kamar ɗigon ruwan da ya daskare.

Tana da irinsa cike da gwangwanin madara. Ɗigon ruwa ma suke kiran irin wannan dutsen a sana'arsu.

Nan take ta yanke wa kanta hukunci: dutsenta ne ya faɗa da gam a jikinsa ya manne wa tsohon mutane a agogo.

Ta sa farce ta kankara. Ko motsi bai yi ba.

Tana cikin haka maƙwabciyarta Uwale ta yi sallama, ta zo aron rariya. Zulai ta nuna mata. Uwale ta kwashe da dariya, ta ce ashe kwalliyar sallah har kan suruki ta kai, ai sai ta ƙara masa a zagaye ya zama irin na amare. Da ta gama tsokanarta sai ta ce mata ta bari ya dawo ta faɗa masa, ai ba da gangan ba ne.

Zulai ta ce da wane bakin? Ta tsaya gaban Baba ta ce ta ɓata masa abin da ya fi ƙauna? Gara ta cire tun bai gani ba.

Uwale ta ɗauki rariyarta ta ce ita dai ta faɗi nata.

Cire dutsen da ya zauna ba daidai ba, wannan aikin Zulai ne na kullum. A ɗan ɗumama shi, gam ya saki, a zura reza ta ƙasa.

Ta kunna kyandir. Ta kara ɗigon kusa da wutar, ba sosai ba, don kada gilashin ya tsage. Ta kwantar da reza ta tura.

Ya ƙi.

Ta tsaya tana mamaki. Gam ɗinta bai taɓa riƙe abu haka ba, balle na yau-yau da ko bushewa bai gama yi ba. Kuma da ta ƙara dubawa, wannan ɗan dogo ne kaɗan, nata kuwa zagayayyu ne.

A nan ya kamata ta ajiye.

Amma ta gaji, tana sauri, ga tukunya a kan wuta, ga tsoron kada ya dawo ya same ta da agogonsa a hannu.

Ta ƙara ɗumamawa. Ta danna rezar da ƙarfi. Sai abin ya ɓalle ya faɗo mata a cinya.

Ta goge sauran gam ɗin da ɗan kananzir a tsumma, gilashi ya fito sumul, in ban da wani siririn zane da rezar ta bari. Ta jefa ɗigon cikin gwangwanin fararen duwatsu. Ta mayar da agogo inda ta same shi.

Har wani sanyi ta ji a ranta. Ta rufa wa kanta asiri.

Tsohon ya dawo, ya ɗauki abinsa ya ɗaura. Yatsun da ba sa jin abin da suka taɓa ba su gaya masa komai ba.

Washegari rana ta faɗo ƙofar ɗakinsa.

Zulai tana madafa, bakinta har ya shirya amsar da ta saba.

Shiru.

Ta leƙa ta taga. Yana zaune a kan buzu, ya kai agogon kusa da ido, ya janye, ya karkata shi wajen rana, ya goge shi da bakin riga, ya sake kaiwa. Daga baya ya sauke hannun a kan gwiwa ya zauna haka nan.

Ta ce a ranta ko bai ji daɗin jikinsa ba ne. Ta koma kan kokonta.

Kashegari ma haka. Ta ga ya wanke ido da ruwan ɗumi, ya sa kwalli, ya sake gwadawa. Babu sanarwa.

Daga nan abinci ya fara dawowa rabi. Zaman inuwar masallaci ya daina. Wani lokaci ta gan shi yana tafiya daga ɗakinsa zuwa bayi ya rufe ido da gangan, yana shafa bango, kamar mai koyon hanya.

Yara suka tambaya me ya sa Kaka ya daina faɗin wata. Ta ce su bar shi ya huta.

Ba ta haɗa wannan da wancan ba. Ita a saninta datti ta cire.

Sai Sagiru ya kira daga hanya. Ya ce Baba ya sa an kira masa shi a masallaci, wai zai koma ƙauye ranar kasuwa, har ya yi magana da mai motar garinsu. Shi Sagiru ya roƙe shi ya jira ya dawo, tsohon ya ƙi. Ya tambayi dalili, ya ce babu komai.

Sannan Sagiru ya tambaye ta ko ta yi masa wani abu ne.

Tambayar ta yi mata ciwo. Ita da take tashi tun asuba ta dafa masa nasa daban saboda suga, ta wanke masa kaya, ta tuna masa magani. Ta ce ita ba ta san komai ba. Kuma har ga Allah a lokacin ba ta sani ba.

Ƙauyen kuwa kowa ya san abin da ke can. Gida babu katanga, babu mai dafa masa, babu mai cewa ga maganinka.

Ana gobe kasuwa, da safe, ta kai masa koko. Ta ga jakarsa a ɗaure a gefen katifa. Ta durƙusa ta ajiye kwanon, za ta tashi.

"'Yar nan."

Bai taɓa tsayar da ita ba. Ta koma ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Yau nawa ga wata?"

"Baba, ai ga agogonka a hannunka."

"Agogo yana nan. Idon ne ya tafi."

Shi kuwa kamar wanda ya daɗe yana neman wanda zai gaya wa, ya ci gaba a hankali. Ya ce ya jima da daina ganin rubutu, bai dai faɗa wa kowa ba. Abu ɗaya ya rage masa a duniya da yake iya karantawa, lambar nan ta kwanan wata. Kullum da safe da ita yake gwada idonsa. In ya gan ta, ya san da sauransa. Kuma tun yana ƙauye ya yi wa kansa alkawari, ranar da ta ɓace masa zai koma gidan da ƙafarsa ta san kowane lungu, ba zai zauna a gidan ɗansa ana jansa da hannu ba.

"Da takan taso mini, ta yi girma kamar ƙwayar wake," in ji shi. "Yanzu ta nutse. Rana ɗaya ta nutse."

Takan taso.

Zulai ta dubi hannunsa, karon farko a gabansa. Ga gilashi sumul. Ga siririn zanen reza, daidai kan 'yar tagar da lambar take.

Ba ta san yadda ta fito daga ɗakin ba.

Ta shiga madafa ta zauna a kan turmi.

Ku ji abin da zuciya take iya kawo wa mutumin da ya gaji. Babu wanda ya san abin da ta yi sai Uwale, ita ma ba ta san amfanin abin ba. In ta yi shiru, gobe mota za ta zo, tsoho ya tafi da ƙafarsa, babu wanda ya kore shi. Tukunya ɗaya za ta rage. Wanki zai ragu. Za ta iya cire mayafi ta sha iska a tsakar gidanta.

In kuwa ta yi magana, sai ta durƙusa gaban suruki ta ce ta ɗauki kayansa a ɓoye, ta kara a wuta, ta sa masa reza. Kuma Sagiru zai ji. Tambayar da ya yi mata ta zama gaskiya ke nan.

Ta daɗe a kan turmin nan.

Sai ta tuna shi yana shafa bango ido a rufe.

Ta tashi ta ɗauko gwangwanin madara.

Tun ranar ta sha ɗiba daga cikinsa. Gyale nawa ta yi wa ado, har an zo an karɓi wasu. In ɗigon ya bi gyalen wata, ya tafi ke nan.

Ta juye duwatsun a babban tire, suka baje, farare, duk iri ɗaya a ido. Ta leƙa ta katanga ta kira Uwale.

Uwale ta ji bayani, ta riƙe haɓa. Wannan karon ba ta yi dariya ba. Ta ce ai ta faɗa mata, sannan ta jawo kujera ta zauna, ta ce a ba ta nata rabon.

Suka yi ta tona da yatsa, suna ture zagayayyu gefe, suna neman ɗan dogo. Duk wanda suka yi zargi sai su ɗora shi a kan ƙananan rubutun kwalin maganin tsohon su gani.

Rana ta take. Abincin rana ya makara. Wata mai abaya ta zo karɓar kayanta ta tarar ba a taɓa ba, ta yi faɗanta ta tafi, Zulai ko kai ba ta ɗaga sosai ba. Wuyanta ya sage, idonta yana ruwa saboda sheƙi. Uwale ta ce in aka gama wannan aikin su ma sai an nemo musu nasu gilashin.

Aka yi azahar. Aka yi la'asar. Tulin da ba a duba ba yana ta raguwa.

Ba a cikin tiren aka same shi ba.

Da suka kusa fid da rai, Zulai ta ɗauki gwangwanin don ta mayar da duwatsu, sai ta ga wani abu maƙale a gindinsa daga ciki. Sauran gam ɗin jikinsa ne ya riƙe shi.

Ta ciro da hantsaki ta ɗora a kan kwalin magani.

Harafin da ke ƙarƙashinsa ya taso, ya yi girma.

Uwale ta sauke numfashi, ta karkaɗe zaninta, ta ce sauran aikin ba nata ba ne, ta fita.

Zulai ta gyara mayafi. Ta je ƙofar ɗakin ta yi sallama. Yana zaune kusa da jakarsa, carbi a hannu, rana ta yi sanyi amma da sauran haske.

Ta durƙusa ta ce Baba ya miƙo hannunsa na agogo.

Ya yi mamaki, amma ya miƙa.

Ta ɗora ɗigon a kan 'yar tagar, ta ce ya duba a hankali kada ya zame.

Ya sunkuyo da kansa wajen hannun. Ya daɗe.

"Ashirin da uku," in ji shi.

Ya sake dubawa, ya sake faɗa, wannan karon can ƙasa-ƙasa, kamar da kansa yake.

Nan ta gaya masa komai. Teburin aiki, kyandir, reza, gwangwani. Ba ta rage ba, ba ta kuma kare kanta ba. Tana gamawa ta sunkuyar da kai tana jiran abin da zai biyo baya.

Tsohon bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mata sauƙi.

"Kwanakin nan duk makokin idona nake yi," ya ce. "Me ya hana ki tambaye ni?"

"Kunya, Baba."

Ya jinjina kai, ya dubi jakar da ya ɗaure.

"Ni ma ita ta hana ni faɗa."

Ta share ido da gefen mayafi, ta tambaye shi ko ta kawo gam ta manna masa. Ya janye hannunsa, ya ce a'a, nata gyaran ya isa haka, a bari Sagiru ya dawo ya kai wa masu agogo a kasuwa. Ta ɗaga kai kaɗan, sai ta ga bakinsa yana motsi kamar mai danne dariya.

Ya sa ta naɗe masa ɗigon a 'yar takarda, ya jefa a aljihun gaba.

Da gari ya waye mai mota ya aiko a fito da kaya. Tsohon ya ce a gaya masa ya yi tafiyarsa.

Rana ta faɗo ƙofar ɗaki. Yatsunsa ba za su iya riƙe abu ƙarami haka ba, don haka ya kira ta. Ta baro koko a wuta, ta zo da hantsakinta, ta durƙusa ta ɗora masa.

Ya yi gyaran murya.

"Mutanen gida, yau ashirin da huɗu ga watan Bature."

"Allah Ya nuna mana ƙarshensa lafiya, Baba."

Haka suka yi ta yi kowace safiya har Sagiru ya dawo. Ya kai agogon aka manna, ya kuma kai tsohon asibitin ido, tunda yanzu an san abin da yake ɓoyewa. Zanen rezar dai yana nan a gilashin, bai goge ba.

Aikin Zulai bai ragu ba. Tukunya biyu take ɗorawa har yau, bayanta yana ƙagewa kamar da. Kokon ranar nan ma ya kama.

Amma ko tsintsiya za ta kai ɗakin tsohon yanzu, sai ta tsaya a ƙofa ta ce, Baba, in taɓa wannan?

Darasi:

Kayan babba ba a taɓa shi sai da izininsa, ko da kuwa gyara kika yi niyya. Abin da kika gani kamar datti, wataƙila da shi yake ganin duniya.

Kunya tarbiyya ce, ba na son a bar ta. Amma kunyar da za ta hana ki tambaya ta bar ki da reza a hannu, wannan ba ladabi ba ne, ɓarna ce.

Ku kuma tsofaffi, abin da yake damunku ku faɗa. 'Ya'yanku ba su san gaibu ba.

In akwai tsoho a gidanku kuma ya daina wani ɗan abu da ya saba yi kullum, kada ku ce hutawa yake. Ku je ku durƙusa ku tambaye shi yau.

Ku tura wannan ga duk mai riƙon iyaye ko surukai, tun kafin wani ya ɗaure jakarsa.